Injin ƙyanƙyasar Umma: koya wa sarbo tafiyar hawainiya

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Ƙwai biyu sun fashe yau, na uku ya tsage. Su ne sanadin buɗe wannan kundi, don na lura in ban rubuta abin da na canza ba, bayan kwana biyu sai in sake faɗawa ramin da na fito.

Tun ƙarshen damina Umma ke yi mini mitar in haɗa mata injin ƙyanƙyasa. Kajin Hausa take kiwo a bayan gida a Unguwar Rogo, kuma sanyin Jos ba ya raga wa ƙwan da ke gefen kaza: a kwanta a kan goma, a tashi da 'yan tsaki shida. Na samo gawar ƙaramin firji, na sa fitilu biyu da fanka, zafi ya zauna a digiri 37.5. Wannan bai ba ni wahala ba. Juya ƙwan ne ya tsaya mini a wuya. Ana jera shi tsini ƙasa, a karkatar da tiren digiri 45 hagu, bayan awa guda a karkatar 45 dama, don kada ɗan tayin ya manne wa fatar cikin ɓawo. Haka za a yi ta yi har kwana na 18, sannan a ƙyale shi ya huta, a na 21 ya fito.

Na sayi sarbo MG996R, wato ƙaramin moto mai juyawa zuwa kwanar da aka umarce shi, mai giyar ƙarfe, a wani shago wajen Taminus. Yaron shagon "sabo" yake ce masa, har ya tambaye ni sabon sabo nake so ko tsohon sabo. A takarda ƙarfinsa ya kai kilo 11 a kan santimita guda in an ba shi bolt 6, yana kuma shafe digiri 60 cikin daƙiƙa 0.14. Saurin nan shi ne jarabar. Na yi dabarar tura shi digiri ɗaya-ɗaya daga Arduino Uno, ɗan allon kwamfutar da ke ba shi umarni, ya tafi dai, amma kowane taki da fizga yake yin sa. Ina kallo ke nan aka ɗauke wuta, aka maido nan take. Arduino ya farka bai san inda tire yake ba, ya aika da bugun lantarki na milisakan 1.5, wato umarnin "koma tsakiya", kamar yadda ya saba, sarbo ya wafce tiren daga 45 zuwa tsakiya wuf, kamar an mari mutum.

Umma na tsaye bakin ƙofa. Ta dubi gwaiduwa tana bin bangon firji, ta ce, "Kai, ka taɓa ganin kaza ta juya ƙwanta da faɗa?" Na ce, "A'a, Umma, ki yi haƙuri." Daga yau ba ƙwan da zai sake hawa tiren nan sai na gamsu.

Talata, 10 ga Disamba

Na kwance kusoshi huɗun bayan sarbo. Abu uku ne a ciki: ƙaramin moto, jerin giya, da abin da mu masu gyaran rediyo ke kira boliyom, wanda ke juyawa tare da bakin sarbon yana faɗin inda aka kai. Sai ɗan allon da ke kwatanta umarnin da aka aiko da abin da boliyom ya faɗa, ya tura moto ya cike tazarar. Wannan allon ba ya karɓar shawara. Kamfani ya riga ya yanke yadda zai ja, ba wata hanyar ce masa ya sassauta.

Na cire shi ɗungurungum. Na fito da wayoyi biyar: biyu na moto, uku na boliyom. Ƙafafun gefe na boliyom sun tafi bolt 5 da ƙasa, ta tsakiya ta shiga ƙafar A0 ta Arduino. Arduino na karanta ta daga 0 zuwa 1023. Na juya tire da hannu ina duba awon kwana irin na 'yan makaranta: 45 hagu ya ba ni 308, tsakiya 513, 45 dama 718. Ke nan kowane digiri ɗaya kusan ɗigo huɗu da rabi ne. Yanzu ko an ɗauke wuta sau goma, da farkawarsa zai fara tambayar boliyom inda yake kafin ya motsa.

Moton na bukatar allon da zai tuƙa shi. Da L298N na so yi tunda ina da shi a akwati, amma yana cinye kusan bolt 2 a hanya, ya bar wa moto huɗu. Na koma TB6612FNG. Kowane layinsa amfiya 1.2 yake ɗauka, moton nan kuwa in ya cije yakan ja wajen 2.5, don haka na haɗe layukan biyu suka zama ɗaya. Wuta daga batirin bolt 12 take zuwa, LM2596 ya sauke ta zuwa 6.

Maimakon ƙwai, na sayo ƙananan dankalin Turawa a Farin Gada, na zaɓi talatin masu girman ƙwai, na auna: kilo 1.8. Mai dankalin ya yi ta mamakin mutumin da ke mayar da manya yana neman ƙanana.

Lahadi, 15 ga Disamba

Lissafin da zan ɗora shi ne wanda ake kira PID. Ƙanena, da ke riƙe mini waya in ina liƙa dalma, ya ce, "Yaya, wai mene ne haruffan nan uku?" Na ce masa ya ɗauka mutum uku ne suke jan igiya ɗaya. P mai ja ne: gwargwadon nisan tire da inda ake so ya je, gwargwadon ƙarfin jansa. I mai riƙo ne: ba ya mantuwa, kowace 'yar tazara da ta daɗe ba a cike ba yana tara ta a zuci har sai ya fashe. D kuwa mai birki ne, ba ruwansa da inda kake, saurinka yake kallo. Wani injiniya, Nicolas Minorsky, ya rubuta wannan tun 1922 bayan ya zuba wa matuƙan jirgin ruwa ido, ya ga ba karkatar jirgin kaɗai suke dubawa ba, har da daɗewar karkatar da kuma saurinta. Aikina shi ne in yanke wa kowannensu yawan bakin da zai sa: Kp, Ki, Kd.

Na ɗauko laburaren PID na Brett Beauregard, wato shiryayyen lissafin da ake lodawa a Arduino, wanda mutane da yawa ke farawa da shi. Na sa Kp 2, sauran biyun sifili. Tire ya tafi dama, ya ƙi dawowa hagu. Awa biyu na ɓata ina zargin TB6612, har na sake liƙa ƙafafunsa. Ashe laburaren, in ba ka gaya masa ba, amsarsa, wato ƙarfin bugun da ake tura wa moto, tsakanin 0 da 255 take tsayawa. Duk lissafin da ya fito ƙasa da sifili, wato "koma baya", sai ya mai da shi sifili. Layi guda ya gyara shi, na buɗe iyakar daga -255 zuwa 255.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Da ya fara tafiya ta kowane ɓangare, sai ya kama lilo kamar mahaukaci, dankali na tsalle. Laburaren yana sake lissafi ne duk milisakan 100 in ba a canza ba. Moton da ke cin digiri 60 a milisakan 140, kafin a waiwaye shi ya riga ya wuce wajen digiri 40. Kamar direba ne da ke buɗe ido sau ɗaya a kowace kwana. Na mai da shi milisakan 10, lilon ya mutu.

Laraba, 18 ga Disamba

Akwai abin da lambobi suka kasa ɓoyewa. In tire zai bar tsakiya ya gangara gefe, sai ya zarce da digiri shida ko bakwai. In zai taso daga gefe, sai ya yi ta nishi, ya tsaya bai kai ba. Na ƙara Kp, tasowa ta gyaru, gangara ta ƙara lalacewa. Na rage, abin ya juye. Kwana biyu ina wannan kai-komo.

Da daddare na zare sarbon, na bar tiren shi kaɗai, na sake shi a tsakiya. Ya faɗi gefe rim. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Sandar da tiren ke juyawa a kai, a ƙarƙashinsa na sa ta, nauyin kuwa yana sama da ita da kamar santimita 3. Dankali da katako sun kai kilo biyu da rabi. A karkatar 45, wannan ya haura kilo 5 a santimita, kusan rabin ƙarfin sarbon, kuma duk yana tura tiren ne ya ƙara faɗuwa. Ina ta neman lambar da za ta gyara aikin kafinta.

Asabar, 21 ga Disamba

Na kai wa mai walda a Dilimi, ya yi mini firam mai kunnuwa biyu, sandar ta ratsa daidai tsakiyar tsayin ƙwai, har ta ɗan ɗara sama da rabin santimita don tiren ya riƙa son komawa tsakiya da kansa. Boris 608 biyu a gefe. Ya ce, "Maigida, wannan lilon 'yar tsana ne?" Na ce na 'yan tsaki ne. Yanzu da ɗan yatsa ake juya shi.

Alhamis, 26 ga Disamba

Yau hutu, na zauna na bi hanyar Ziegler da Nichols, injiniyoyi biyu na kamfanin Taylor a Amurka da suka wallafa ta a 1942. Ana kashe I da D, a yi ta ƙara Kp har tire ya kama lilon da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, a rubuta wannan Kp da tsawon lilo guda. A 6 ya zarce sau biyu ya zauna. A 8 ya daɗe yana rawa. A 9 ya ƙi tsayawa sam, zane a kwamfuta ya zama haƙoran zarto. Na ƙirga lilo goma cikin daƙiƙa 2.4, wato 0.24 kowanne.

Ƙa'idarsu ta ce a ɗauki kashi shida cikin goma na 9, Kp ya zama 5.4. Lokacin I rabin lilo ne, 0.12, wanda ya ba da Ki 45. Lokacin D kashi ɗaya cikin takwas na lilo, 0.03, Kd ya fito 0.16.

Na zuba su. Tire ya isa wurin da sauri, ya zarce da kusan digiri goma, ya dawo, ya sake zarcewa kaɗan, ya zauna daidai cif. Dankali uku a ƙasa. Ba zan ce mutanen sun yi kuskure ba. Don tukunyar masana'anta da bututun tururi suka tsara abinsu, inda ake son a dawo kan layi da wuri ko da an ɗan wuce. Ni kuwa zarcewa ita ce abin da na fi tsoro, sauri kuma ba na bukatarsa ko na sisin kwabo. Amfanin da na samu dai shi ne na san bakin rijiya: kada Kp ya kusanci 9.

Na ƙirƙiro awo na kaina. Kofin shayi na gilas, na ɗaure shi da roba a tsakiyar dankali, ruwa rabi. In fuskar ruwan ta karkata sumul ba ta yi igiya ba, tafiyar ta yi. Zanen kwamfuta yakan yi kyau alhali ruwan na rawa.

Litinin, 30 ga Disamba

Tun da na kunna D moton ke wani ƙara, zir-zir-zir, ko tire na tsaye, bayansa kuma ya yi ɗumi. Na bar tire cak na zuba wa karatun boliyom ido: 513, 515, 512, 514. Ba abin da ya motsa, amma lamba na rawa da ɗigo biyu zuwa uku. P bai damu ba. D kuwa, da yake sauri yake aunawa, ɗigo 3 cikin milisakan 10 a wurinsa gudun ɗigo 300 ne a daƙiƙa. A ninka da 0.16, ya kusa 50 cikin 255. Wato yana taka birki da ƙarfi a kan motar da ke fake.

Laifina ne mafi yawansa. Wayoyin nan biyar a dunƙule na ɗaure su, tartsatsin burushin moto na shiga wayar boliyom. Na raba su, na murɗe na moto su kaɗai, na liƙa kafasita 104 a bakin moton, wata kuma tsakanin A0 da ƙasa. Sannan na sa a karanta sau takwas a ɗauki matsakaici. Kowane karatu wajen maikurosakan 100 ne, duka bai cika milisakan guda ba. Rawar ta koma ɗigo ɗaya. Na sauke Kd zuwa 0.12.

Babban canjin yau ba ya cikin haruffan nan uku. Na daina ce wa tire "tafi 718" kai tsaye. Yanzu inda ake son ya kasance shi ma tafiya yake yi, ɗigo-ɗigo, digiri 90 cikin daƙiƙa 15, ya fara a hankali ya ƙare a hankali, kamar mai jan akuya da guntuwar igiya. Tazara ba ta taɓa girma, don haka P ba ya samun dalilin fizga. Da na yi wannan tun ranar farko, da na huta da rabin wahalar.

Juma'a, 3 ga Janairu, 2025

Hunturu ya sauko da gaske. Jiya da la'asar ruwan kofi ya tafi lafiya lau. Yau bayan sallar asuba, hannu na ƙanƙara, na gwada: tiren na tafiya taki-taki, ya tsaya, ya zabura, ya tsaya. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba.

Sarbon a wajen firji yake, da gangan, don kada laimar ciki ta ci boliyom. To a waje yana shan sanyi, giris ɗin giya ya daskare. Na auna ƙaramin bugun da ke iya tayar da moton daga tsaye: da rana 45, da asuba sai 70. Ƙasa da haka gurnani kawai yake. Da Kp 5, sai tazara ta kai ɗigo 14, digiri uku ke nan, kafin a tara 70. Da ya kuɓuce kuma, abin da ke tafiya ba ya bukatar ƙarfin da ya tayar da shi, sai ya zabura ya cim ma layin, bugu ya faɗi, ya sake cijewa.

Na ƙara masa jari: muddin ana cikin tafiya, a ɗora 40 a kan duk abin da lissafi ya bayar, ta fuskar da aka nufa. Yanzu P cikon kawai yake yi. Takin ya ragu zuwa ƙasa da digiri ɗaya da rana, ɗaya da 'yan kai da asuba. Ba zai taɓa zama sumul ba, don ina tafiyar da moton ne a ƙasa da kashi biyu cikin ɗari na gudunsa, ba don haka aka gina shi ba. Ruwan kofi na ɗan shesshekar da ba ta kai igiya ba. Na kuma goge tsohon giris na sa mai laushi, na lulluɓe sarbon da tsohuwar safa.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na kawo injin ɗakina don in ji shi da dare. Wajen ƙarfe biyu maiɗakina ta tashe ni: "Maigida, abin nan naka ɓera ne a ciki?" Na kasa kunne. Tik. Shiru na daƙiƙa takwas ko tara. Tik.

Mai riƙo ne. Na bar Ki a 8. Tire ya tsaya saura ɗigo biyu ya kai, tazarar da ba ta isa ta motsa komai ba. I ya yi ta tarawa har ya kai ƙarfin ɓalle giya, tire ya zabura ya wuce da ɗigo biyu ta ɗaya gefen, ya koma tarawa ta can. Haka zai kwana. Ƙwai kuwa, a kowace awa, zai sha ƙwanƙwasa wajen ɗari huɗu saboda rabin digiri.

Da safe na ƙara ganin halinsa. Na riƙe tiren da hannu na daƙiƙa biyar yana son tafiya, kamar tsumma ta maƙale, sannan na saki. Abin da ya tara ya kai 255, ya watsar da dankali har ƙarƙashin gado.

Na zauna na tambayi kaina me I ke tsinana mini. Aikinsa ya kai tire 45 cif. Wane ƙwai ne ya san bambancin 45 da 44? Na mai da Ki sifili. Na san masu littafi za su ce a rage shi ne, a yi masa iyaka, kuma ga mai hannun mutum-mutumi ko mai saita kyamara gaskiyarsu ne. A nan dai ban ga abin da zai saya mini ba sai tashin dare.

Ga yadda abin ya tsaya: Kp 5, Ki 0, Kd 0.12, jari 40, lissafi duk milisakan 10. In tazara ta gaza ɗigo 5, ko an yi daƙiƙa biyu da gama tafiya, a kashe moto a sa TB6612 ya riƙe birki, an kai ko ba a kai ba. In bugu ya haura 150 na daƙiƙa guda boliyom bai motsa ba, a yanke wuta a kunna ƙararrawa. Na zare fulogi sau goma a tsakiyar tafiya. Kowane karo ya farka, ya duba inda yake, ya ci gaba a natse.

Laraba, 8 ga Janairu

An mayar da injin gidan Umma. Ta zaɓo ƙwai talatin da kanta, ba wanda ya wuce mako guda, ta yi bisimilla ta jera. Ta tsaya har juyin farko, hannunta a kan murfin, tana leƙe ta gilashin da na huda. Da tiren ya gama kwanciya ta ce, "Har ya juya?" Na ce ya juya. Ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Dankalin kuma ta ce in bar mata, fate za ta yi.

Kwana na 18 zai faɗo ranar Lahadi 26 ga wata. Ranar zan tsayar da tire a tsakiya, in ƙara ruwa a kwano.

Laraba, 15 ga Janairu

Kwana bakwai. Bayan isha muka kashe fitila, ƙanena na riƙe tocila, muna haska ƙwai ɗaya-ɗaya. Ashirin da huɗu sun nuna jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Huɗu fayau suke, ba zakara. Biyu ban yanke musu hukunci ba, na yi musu alama da fensir.

Sai dai wani abu ya ɓullo. Juyi wajen 168 ke nan tun da aka sa ƙwan, ban da ɗaruruwan gwajin dankali, kuma a kusa da 700 karatun boliyom ya fara tsalle, ɗigo goma sha a lokaci guda, tire ya yi 'yar zabura kafin ya kwanta dama. Gawayin cikin boliyom ne ke cinyewa inda lilon watan jiya ya yi ta gurza. Na rage iyakar dama zuwa 690, kusan digiri 39, don a kauce wa wurin. Ba zan buɗe sarbo ƙwai na ciki ba.

Na yi odar AS5600, mai karanta kwana da maganaɗisu ba tare da gogayya ba, ɗigo 4096 a zagaye guda, wato sama da 11 a kowane digiri. A kan sandar tiren zan ɗora shi, ba cikin sarbo ba, don ya ga har sakon da ke tsakanin haƙoran giya. Ɗigo zai ninka sau biyu da rabi, ke nan Kp ya sauka wajen 2, Kd wajen 0.05, a sake gwaji daga farko. Sai bayan 29 ga wata. Umma ta riga ta fara maganar ƙwan zabi, shi kuma kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka.